Taswirar Makafin Unguwar Dosa

A shekarar 1991 Dakta Safara'u, malamar labarin ƙasa, ta zo Unguwar Dosa don haɗa taswirar hanyoyin da makafi ke bi. Ta sa aka kwaɓa yumɓu a kan faffaɗan katako, ta ajiye gaban Malam Sanda, shugaban makafin unguwar.

"Baba, ku za ku zana. Nawa rubutu ne kawai."

Malam Sanda ya yi dariya. "'Yar nan, ina makaho ina zane?"

"Wa ya fi ku sanin ramukan unguwar nan?"

Sai ya sa yatsa cikin yumɓun. Ya ja layin masallaci, ya lotsa duk inda kwata take a buɗe, 'yan uwansa suna shafawa suna gyara masa, har gardama ta kaure kan wata kwana.

Ranar gabatar da aikin gaban injiniyoyi, wani abokin aikinta ya ce wannan ba bincike ba ne. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta riƙe wa Malam Sanda sanda har gaban taro, ta koma ta zauna abinta. Shi ya yi bayanin, kuma kafin damina aka rufe kwatoci bakwai.