Makara a Tsakiyar Kwari

Da suka kai farin dutsen da ke tsakiyar kwari, da makarar Itto a kafaɗa, sai suka tsaya. Bassu, ɗanta, ya ɗaga kai ya dubi gangaren Tudu. Ba kowa, ko akuya babu.

Kwarin nan shi ya raba garin Tasra biyu. Tudu ne tsohon gari, can maƙabarta take. Tsallake kuwa, inda Bassu yake zaune, nan kwalta ta bi. Tun shekarar annoba, zamanin kakanni, mutanen Tsallake ba sa wuce farin dutsen da gawa. Su yi mata salla a gida, su kawo ta nan, mazan Tudu su sauko su karɓa. Da fari tsoron cuta ne ya kawo haka, daga baya ya zama mutunci. Wanda aka ƙi karɓar gawarsa, har jikokinsa sai sun sha gori.

Ga shi kuma hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan duwatsun arewa. Duk ɗan Tasra ya san ba sai an yi ruwa a gari kwarin yake cika ba. Can sama ake sheƙawa, kana tsaye a busasshen yashi sai ka ga ruwa tafe da itatuwa.

"Ba za su zo ba," in ji Addi, ɗan kawunsa, yana gyara makarar a kafaɗa. "Ka ɗauke musu kasuwa, sannan ka ce su ɗauki uwarka?"

"Rufe mana baki, Addi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi ɗaci. Shekara huɗu ke nan da Bassu ya yi ta sintiri ofishin gunduma har aka mayar da kasuwar Alhamis bakin kwalta. A ranar tsoho Hammu, mai shayin Tudu kuma shugaban masu karɓar gawa, ya tofar da yawu a gabansa. Tun daga nan Bassu bai sake taka Tudu ba.

Iska ta juyo da sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. 'Yan rakiya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wai takalmi suke gyarawa. Liman ya matso.

"Bassu, ko mu haye da kanmu, ko mu koma da ita. Ba zan bar mutum arba'in a hanyar ruwa ba."

"Mu koma da ita ina, Malam? Ɗakinta?" in ji Bassu. Tsoro yake ji, da kunya, da haushi mai tuƙuƙi. Matar nan a Tudu aka haife ta, rabin mutanen can ita ta karɓi haihuwarsu. In shi ya yi laifi, ita me ta yi musu?

Sai suka jiyo shi: wani gurnani can nesa, kamar na babbar mota mai kaya.

"Ga su nan!" wani ya ɗaga murya.

Mutum uku ne ke gangarowa. Uku kacal! Hammu a gaba yana ɗingishi, sai tsofaffi biyu, ɗaya ma riƙe da rigar ɗan'uwansa don ba ya gani sosai. Bassu bai jira sallama ba.

"Baba Hammu, haka za ku yi mini? Ku bar uwata a bakin ruwa, sannan ku zo ku uku don a yi mini dariya?"

Hammu ya tsaya yana haki. "Dariya? Kai ɗan Itto, tun da muka gama haƙa kabari muke bi gida-gida neman na huɗu. Da wa kake so mu zo? Samari sun bi kasuwarka, sauran sun wuce birni. Mu ke nan masu iya tsayuwa."

Gurnanin ya ƙara matsowa.

"Daga cikin 'yar Tudu ka fito, kai ma namu ne," in ji Hammu. "Kama nan, kada ka tsaya kallona kamar sakarai!"

Tsofaffin suka sa kafaɗa, Bassu ya kama kusurwa ta huɗu. Addi da liman da sauran jama'a suka kwasa a guje zuwa Tsallake. Su huɗun suka nufi gangare, makara na karkacewa, Bassu yana jin yadda jikin Hammu ke karkarwa ta cikin itacen. Ruwan farko ya lashi idon sawunsu, sanyi ƙalau. Mai raunin idon ya yi tuntuɓe, Bassu ya daka tsawa, "Riƙe, Baba, don Allah riƙe!" Da rarrafe da salati suka hau, jan ruwa ya wuce ta bayansu yana tumbatsa.

Bayan sun rufe ta, Bassu ya tsaya yana kallon kwarin. Can ƙetare mutanensa sun yi cirko-cirko.

"Kwana uku zai yi kafin ya janye," in ji Hammu, yana duba kantar da fartanya ta fasa masa a tafin hannu. "Sai ka zauna wajenmu."

Ya ja shi cikin lungun tsohuwar kasuwa. Ƙofa bayan ƙofa da kwaɗo, yashi ya taru a bakin kowace. Bassu ya san masu gidajen duka, har da sunayen 'ya'yansu. Hawayen da bai yi a bakin kabari ba suka zubo.

"Zaɓi gidan da ka ga dama, ɗana," in ji Hammu. "Duk ba kowa a ciki."