Jakin Baba

Ni tela ne, kuma firinta ta shigo shagona ne saboda zanen aiki. Mai kaya ya turo hoton furen da yake so a wuyan riga, in fitar da shi a takarda, in bi da allura. Ranar da na sayo ta, ban ma san inda ake jona waya ba. 'Yata ta fari ce ta haɗa komai, tana 'yar makaranta, ta tara ƙyallaye a kan kujera ta hau don ta kai tebur. Ta saka faifai a kwamfuta, ta yi ta danne-danne tana cizon leɓe. Da takardar gwaji ta fara fitowa, firintar ta yi wani kuka, ta tsaya, ta sake ja.

"Baba, wannan ai jaki ce," in ji ta. Da kwamfuta ta nemi suna, sai ta rubuta Jakin Baba. Ni kuma tun ranar nake kiranta Injiniya.

Shekaru suka wuce, sunan yana nan. Duk sanda zan fitar da zane, shi nake gani. Injiniya ta gama karatu, ta sami aiki a nesa. Da farko kullum muna waya. Daga baya ta koma, "Baba, ina aiki, zan kira ka." Ba na jin haushi. Amma sai in zauna a bakin keken ɗinki ina tunani: ko ta ci abinci, ko tana tuna shagon nan da ƙurar audugarsa.

Wata safiya jakin ya ƙi motsi. Na kashe, na kunna, na hura wayar, na shafa masa baya. Shiru. Mai gyara da ke layinmu ya leƙo, ya ce, "Maigida, inji lafiya lau. Direba ne ya lalace, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta. A cire, a sake sakawa, shi ke nan."

"Sunan fa?"

"Wane suna? Ai komai zai tafi."

Na ce ya bari tukuna. Na koma kwafar fure da fensir daga fuskar waya, ido na ruwa. Mamarsu ta kawo mini abinci ta tarar da ni haka.

"Malam, rigar mutane na jira, kai kana makokin jaki? Kira yarinyar nan."

"Tana aiki."

"To ni na kira."

Kafin in hana ta, har ta kira yarinyar, ta gaya mata, ta miƙo mini wayar.

"Baba, Mama ta ce firinta ta mutu. Kana gaban kwamfuta? Buɗe inda nake nuna maka da."

Muryarta a gaggauce, ina jin mutane na magana a bayanta. Ta ce firinta, ba ta ce jaki ba. Na lura da wannan.

Na bi abin da ta ce, ina lalube da yatsa ɗaya. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata ina so in cire Jakin Baba. Hannuna ya tsaya a kan mawus.

"Baba, ka danna?"

"Ina zuwa."

"Ba ta cizo fa."

Na danna. Wurin ya zama fari fes, kamar bangon da aka sauke wa hoto.

Faifan nan na da yana cikin gwangwanin maɓallai, na ɗauko shi. Ta yi dariya, ta ce ya tsufa, yanzu daga intanet ake saukewa. Na mayar da shi a hankali. Muka jira wani koren layi yana rarrafe a allo. Na so in tambaye ta ko ta tuna ƙyallayen da ta hau, sai na ji wani ya kira ta, ta ce masa tana zuwa.

Da aka gama, firinta ta yi kukanta, ta tsaya, ta sake ja. Takarda ta fito.

"Ta yi," na ce. "Na gode, koma aikinki."

"Tsaya. Sanya wayar kusa da ita, ka sake fitar da wata."

Na kara wayar a jikin injin. Ya yi kukan, har da tsayawar nan ta tsakiya. Na ji ta fashe da dariya irin ta da, wadda take ƙarewa da tari.

"Wallahi bai canza hali ba! Me kwamfutar ta rubuta a sunansa?"

Na karanto mata wasu haruffa da lambobi.

"A'a, wannan ba namu ba ne. Danna ɓangaren dama na mawus, ka nemi wurin canza suna. Ka san abin da za ka rubuta."

Na sa tabarau, na fara neman harafin farko. Mutumin nan ya sake kiranta.

"Ka ɗan jira," ta ce masa. "Babana yana rubutu."