Dodanni Goma Sha Biyu a Gareji

Ni mai fentin mota ne, shekara ashirin da biyu ke nan. Abu ɗaya na sani game da launi: in ba a rufe shi ba, ba ya daɗewa.

'Yata ta fari, wadda nake kira Uwata, ta faɗi jarrabawar shiga makarantar jinya har sau biyu. Daga ta biyun sai ta shige ɗaki. Kusan shekara guda ba a jin bakinta sai "to" da "a'a". In na dawo daga gareji nakan tsaya bakin ƙofarta in kasa kunne, ko tari in ji. Tsoron da ya fi kowane damuna shi ne wannan shirun.

'Yar ƙanwata ce ta fito da ita, da wani wasa. Su biyar suke kewaye teburin falo ranar Asabar. Ɗaya tana ba da labari, sauran kowacce ta ɗauki mutum guda a cikinsa, wannan mayaƙiya, waccan mai magani, waccan ɓarauniya. In za a kara da dodo sai a jefa ɗan lido, amma nasu fuska ashirin gare shi. Ranar farko na ɗauka caca ce.

"Haba Kawu, cacar me?" in ji 'yar ƙanwata. "Ko sisi babu. Ni dai yanzu aka cinye min ƙafa a cikin kogo."

Uwata suka ɗora wa zana abin da suke gamuwa da shi a labarin. Da abin ya shiga ranta, sai ta fara zuwa wurin wani malamin zane da ke saman wani shagon ɗab'i. Wata rana muna cin abinci ta ɗaga fiffiken kaza tana lanƙwasa shi.

"Baba, dodo ma sai da ƙashi. Malam ya ce in ban san inda gwiwarsa take ba, ba wanda zai ji tsoronsa."

"Ci abincinki, likitar dodanni," in ji uwarta.

Ni zanen bai kwanta min ba. Ƙaton ƙadangare mai fukafukai, tsohuwa mai ƙahon rago, wani abu mai ido a tafin hannu. Ina tunanin irin mafarkin da za ta riƙa yi. Amma tana magana, har tana dariya, sai na ja bakina.

Malamin zai buga ɗan littafi na wannan wasa, ya ce zai zaɓi ɗalibi ɗaya ya yi masa hotunan ciki. Kowa ya kawo zane goma sha biyu ranar wata Litinin da ya sa. Wata uku Uwata tana kansu. Ranar Juma'a, saura kwana uku, ta gama, ta baje su a kan gado ta kira ni. Yatsunta duk sun yi baƙi. Na miƙa hannu.

"Kada ka taɓa, Baba! Yana gogewa."

Wannan kalma ce ta tsaya min a rai. Aikin wata uku, a ce yatsa ɗaya zai iya share shi? Ga jakar kwalin da take zuba su, ruwa kaɗan ya isa ya ratsa ta.

Da safiyar Asabar ita da uwarta suka tafi duba wata gwaggonta da ke kwance a asibiti. Na shiga ɗakin, na ɗauki jakar, na tafi gareji. Niyyata in fesa musu fentin ƙarshe, wanda ba shi da launi, mai sa mota sheƙi ya kuma kare ta daga ruwa. In dawo da su kafin ta dawo, ta ga abin da uba zai iya.

Mai walda, maƙwabcina a gareji, ya leƙo ya ga ƙadangaren.

"Oga, wannan kwastoman fa? Wace ƙofa ya buge?"

Ban yi gaggawa ba. Na ɗauki ɗaya na gwada a gefen takardar, na jira ya bushe, na goga da yatsa. Bai goge ba. Sai na jera duka sha biyun a kan katako kamar yadda nake jera ƙofofin mota, na sa injin feshi, na bi su hannu ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Abin da ban sani ba, wanda na gwada da gawayi aka yi shi. Huɗu ne kawai na gawayi. Sauran takwas ɗin da tawada ta yi su, tinar da muke sirka fenti da ita kuwa narka tawada take. Ina tsaye ina kallo idon tsohuwar ya tsiyaye zuwa haɓarta. Fukafukan ƙadangaren suka haɗe da sama. Na sa tsumma in tsane, sai na ƙara damawa. Takardun suka koma kamar an jiƙa su da mai.

Mai walda ya dubi fuskata, ya koma wurin aikinsa.

Na same su sun dawo. Uwata tana tsakiyar ɗakinta, ta ɗage katifa tana nema. Na miƙa mata jakar, warin fenti ya riga ni bayani. Ta zaro su ɗaya bayan ɗaya. Da na ce gyara na so yi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"To," ta ce.

Ta tura ƙofa a hankali. Da yamma 'yan wasan suka zo, uwarta ta sallame su daga bakin ƙofa.

"Kai komai mota ne a wurinka," in ji matata. "Saura mu ka fesa mana."

Ranar Lahadi ban je ko'ina ba. Kwanon abincinta ya dawo yadda aka kai shi. Sau nawa na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, na sauke.

Litinin da safe ta fito da jakar a hammata.

"Kai za ka kai ni. Kai za ka faɗa masa."

Muka hau matattakalar shagon. Ɗalibai shida suna zaune, duk sa'o'inta, ni kuma a tsaye cikin tufafin aiki, ina bayanin tina da tawada kamar yaron da aka kama. Malamin ya daɗe a kan na gawayin. Ya ɗaga ɗaya daga cikin ɓatattun ga hasken taga, ya girgiza kai.

"Alhaji, na yarda da kai. Amma gobe mai ɗab'i yake jira na. Da huɗu ba zan iya ba."

Wani dogon saurayi aka ba aikin. Malamin ya kira Uwata gefe ya yi mata magana yana nuna wani wuri a zanen. Ban ji ba, ban kuma iya tambaya ba.

A hanya ina jiran wata "to" ɗin. Mun wuce shagon taya, mun wuce kantin magani. Sai a bakin layinmu ta tsaya.

"Na ce kada ka taɓa. Da bakina na faɗa maka. Ka taɓa tambayata da me na yi su? Wata uku, Baba! Ko sunan ɗaya ba ka sani ba."

Mutane suna waiwaye. 'Yar da na haifa tana ɗaga min murya a titi, ni kuma roƙona kada ta yi shiru.

"Malam ya ce ko da sha biyun sun zo lafiya, da wuya in samu," ta ce, tana share ido da bayan hannu. "Wai hannuwan da nake zanawa kamar ayaba suke. Ya ce in zana hannun mutum sau ɗari. Naka zan zana. Awa biyu kullum, ba motsi."

Yau kwana tara ke nan. In na dawo daga gareji sai in wanke hannu in ɗora su a kan teburin falo yadda ta ce. Ba ta hira da ni. Ban san ko 'yan wasan za su dawo ba, ban san ko ta yafe ba. Kafaɗata tana ciwo, hancina yana ƙaiƙayi, fensir yana ta ƙara a kan takarda.

"Ai ka motsa," ta ce. Ta juya sabon shafi.