Taurari da Hantsi

Hajjo na tsaka da tuƙa tuwo Kofur Haruna ya jawo benci ya zauna, ko sallama bai yi ba. Ya cire hularsa ta 'yan sanda ya kifa a gwiwa.

"Uwar ɗakina, an ce ƙanenki ya dawo."

"Wane irin an ce? Kai da ka gan shi jiya da idonka a ƙofar masallaci."

"Na gan shi. Na ga agogo, na ga takalmi mai ƙyalli. Na kuma bi ta bayan gidanki na ji rediyo tana ta zuba." Ya sosa ƙeya. "Ya ce miki yana ina ranar da aka yi husufin rana?"

Muciyar ta tsaya a hannunta. Tun shekaranjiya take jiran wannan tambayar, don ita ma ta kwana da ita.

Rumfar Hajjo tana bakin tashar Birnin Gwari, inda manyan motocin Ikko ke tsayawa direbobi su cika ciki kafin su shiga daji su nufi Kaduna. Ranar husufin nan, a farkon damina, gari duk ya ruɗe, maza sun cika masallaci, mata suna ta buga kwanoni. A daidai lokacin wasu suka kayar da itace a kan hanya cikin daji, suka tare motar wani direba, Bakoji, suka kwashe kaya, suka yi harbi. Bakoji ya rayu, amma sai da aka yanke masa hannu a asibiti. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cin tuwo a rumfar nan, har ta san ba ya son yaji a miya. Abu biyu ya iya faɗa wa 'yan sanda: mutanen sun riƙe bindiga irin riƙon soja, kuma ɗaya ya rufe idonsa da baƙin gilashi.

To, Isiyaku ƙanenta tsohon soja ne. Ita ta goya shi da uwarsu ta rasu. An gama yaƙin basasa, 'ya'yan kowa suka dawo, shi shiru, ko saƙon baki babu. Sai ga shi kwatsam shekaranjiya da akwati.

"Ya ce yana teku," in ji ta.

"Teku." Kofur ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Da azahar za a kira shi zauren Wakili, dattawa su ji ta bakinsa kafin mu. Ke garin nan ba wanda ya taɓa kama ki da ƙarya. In kika tsaya masa, zan ɗaga ƙafa. In ba ki tsaya ba, motarmu tana nan. Kin dai san abin da ake yi wa 'yan fashi yanzu."

Ta sani. Wa bai sani ba? A ɗaure mutum a jikin ganga a gaban jama'a a harbe shi.

Da ya tafi ta kankare ƙanzon tukunyar jiya ta zuba miya, ta miƙa wa Agali, Buzun da ke gadin tasha. Fari ne ya koro shi daga can bayan Agadas cikin daminar nan. Kullum yana zaune a gindin ɗorawa, fuska a naɗe cikin rawani, ba mai ce masa komai sai dai "Buzu, matsa." Ya karɓa da hannu biyu. Ita kuwa ta bar wa maƙwabciyarta Martha mai ƙosai rumfar, ta nufi gida da sauri.

Isiyaku ba ya nan. Hajjo ba ta taɓa buɗe kayan wani ba a rayuwarta, amma ranar ko gezau ba ta yi ba. Riguna, bargo, sabulu mai ƙanshi. A can ƙasa, cikin safa, hannunta ya taɓa wani abu mai sanyi. Ta jawo. Baƙin gilashi ne mai kauri, ido biyu, da igiyar roba ta ɗaurawa a ƙeya. Ta zauna a ƙasa daɓas.

"Yaya, me kike nema?"

Yana tsaye a bakin ƙofa da rake a hannu. Ta ɗaga gilashin.

"Au, wannan? Ai shi nake so in nuna miki tun da na zo." Ya tsugunna a gabanta, fuska a sake, kamar ba shi ake nema da igiya ba. "Na masu walda ne a ɗakin inji. Wani injiniya ya ba ni in kalli rana da shi."

"Sake faɗa mini. Tun daga farko. Kuma ka dubi idona."

Ya sake faɗa. Bayan yaƙi ya tsaya Ikko yana dako a bakin ruwa, daga nan ya samu shiga jirgin kaya, daga jirgin kaya wani ya yi masa hanya zuwa wani ƙaton jirgi na masu yawon shaƙatawa, yana wanke kwanoni. Jirgin ya fi unguwar nan girma, hawa kan hawa, har da wurin wanka a samansa. Turawa ne maƙil, tsofaffi da yara, kuma abin da ya fito da su daga ƙasarsu ke nan: a kai su tsakiyar teku su ga mutuwar rana.

"Su biya a kai su kallon masifa?"

"Wallahi, Yaya. Har rigima suke yi a kan wurin tsayawa."

"Uhm. Ci gaba."

"Da hantsi aka ce kowa ya hau sama, har mu 'yan kicin. Na sa gilashin nan, ina ganin ana cin rana kaɗan-kaɗan. Sai iska ta yi sanyi. Sai ga duhu ya taho a guje a kan ruwa, ya rufe mu ruf. Na cire gilashin. Yaya, rana ta zama baƙin rami, da wani farin haske kewaye da ita kamar an baza auduga. Taurari suka fito. Turawa suka ɗauki ihu da tafi, wani tsoho kusa da ni yana kuka da hawaye. Ni dai kalmar shahada nake ta yi."

Hajjo ta dube shi ta daɗe. Ita ma ai ta ga husufin, ba labari aka ba ta ba. A tasar ruwa ta gani, a tsakar gidan nan, kamar yadda kowace mace ta yi. Rana ta rage ta koma kamar lauje, haske ya yi fatau kamar fuskar mai jinya, kaji suka yi cirko-cirko. Amma duhu? Har zare za ka iya sa wa allura. Kuma ba da hantsi ba ne, sai da rana ta take tsaka.

"Ina takardunka na aikin jirgin?"

"Suna hannun wakilin kamfani a Ikko, sai na koma."

"Ka ji!" Ta yi tsaki. "Isiyaku, rana nawa Allah Ya halitta?"

"Ɗaya."

"To don girman Allah, in ka je gaban dattawa kada ka ce taurari. Ka ce komai, ban da taurari."

"To me zan ce, Yaya? Abin da na gani ke nan."

Ta ƙulle gilashin a bakin zanenta ta fita. Tana son yaron nan kamar ranta, kuma a lokacin ba ta yarda da ko kalma ɗaya da ta fito daga bakinsa ba.

Bayan azahar zauren Wakili, mai unguwarsu, ya cika har waje. Hajjo ta durƙusa a bakin ƙofa. Ai kuwa ɗan banzan taurin kai, ba a gama tambayar Isiyaku ba ya zazzage musu duka: jirgi, Turawa, farin haske, har taurarin.

Liman ya gyara zama. "Ni na ja sallar husufi a garin nan. Muka shiga da haske, muka fito da haske. Ko kuwa akwai wanda ya ga tauraro?"

Aka yi ta girgiza kai.

"Allah gafarta Malam, a can daban ne," in ji Isiyaku.

"Daban? Taku ranar daban ce da tamu?"

Nababa, tsohon maharbi, ya yi gyaran murya daga lungu. "Ni na san inda duhu zai rufe mutum a ranar. Cikin ƙurmi, inda itatuwa suka haɗe. In rana ta rage haka, wanda ke laɓe a can ko tafin hannunsa ba zai gani ba."

"Taurarin fa?" wani ya tambaya.

"Wanda ya sha abin da ya sha kafin ya tare hanya, ai har wata zai gani."

Aka kwashe da dariya. Hajjo ba ta yi ba. Maganar ta zauna mata daram, don ita kaɗai ce ta haɗa komai wuri ɗaya. Yaron bai yi ƙarya a kan duhun ba. Duhun daji ya gani.

"Hajjo," in ji Wakili, "ke kika raine shi. Za ki dafa Alƙur'ani a kan ba ya cikin dajin nan ranar?"

Ta tuna Isiyaku yana ɗan mitsitsi a bayanta tana surfe. Ta tuna hannun Bakoji, wanda yake miƙo mata kwano da shi. Ƙullin zanenta ya yi mata nauyi kamar dutsen niƙa.

"Ranka ya daɗe, ni abin da na gani a tasar ruwa ba shi ya faɗa ba."

Ta kwance ƙullin, ta ajiye gilashin a kan tabarma.

Salati ya tashi ko'ina. Kofur Haruna ya ɗauki gilashin ya juya shi, ya sa a aljihu, ya miƙe. Isiyaku bai yi gardama ba, bai ma dubi kowa ba sai ita. Da za a sa shi a mota ya ce, "Yaya, rediyon taki ce. Ke na sayo wa." Motar ta tashi ta yi hanyar Kaduna.

Ta koma rumfa, don ba ta san inda za ta sa kanta ba in ba can ba. La'asar ta yi, direbobi sun cika benci, kowa da abin da yake tofawa. Wani ya ɗaga kai sama ya kare ido da hannu. "Ku tsaya, ku tsaya, kamar na hango tauraro!" Aka bushe da dariya. Martha ta daka musu tsawa su ji kunyar idon Hajjo, suka rage murya, ba su daina ba.

Agali ya zo mayar da kwanon safe. Ya wanke shi tas, kamar kullum. Ya ɗan tsaya.

"Uwar gida, taurarin me suke wa dariya?"

"Ba ruwanka, Buzu. Wai ranar husufi wani ya ga taurari."

"To, ai sun fito."

Ta ɗago. "Me ka ce?"

"Sun fito. Muna bakin rijiya, bayan Agadas, da sauran awakin da ba su mutu ba. Duhu ya zo da gudu ta kan rairayi. Awaki suka kwanta. Rana ta yi baƙi ƙirin, da farin gashi kewaye da ita." Ya zana da'ira a iska da yatsa. "Tsohuwarmu ta ce wannan ƙasa ta ƙare, mu tashi. Da na zo nan na ji kuna cewa lauje, lauje, na ce to, nan ba ta mutu duka ba."

"Ka taɓa magana da ƙanena?"

"Wane ne ƙanenki?"

Ludayin ya suɓuce mata cikin miya. Mutumin da ke laɓe a dajin Birnin Gwari, a ina zai samo farin hasken nan? Wa zai faɗa masa duhu yana gudu?

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Duk garin nan ana ta magana!"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Innalillahi. Ta ji kamar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, amma babu lokacin wannan. Wata motar gyaɗa tana ƙoƙarin tashi zuwa Kaduna. Ta kama bakin rigar Agali, abin da ba ta taɓa yi wa wani namiji ba.

"Za ka faɗa wa 'yan sanda abin da ka faɗa mini."

Ya ja da baya. "Ni baƙo ne, uwar gida. Ba ni da takarda. In suka riƙe ni fa?"

"In suka riƙe ka, su riƙe mu tare. Don Allah, Agali."

Bai san ta san sunansa ba. Ya dube ta ta tsagar rawani, ya dubi kwanon da ke hannunsa, ya ajiye shi a kan benci.

"Martha, ga tukunya nan a wuta!"

"Ina za ki da yamman nan? Hajjo!"

Suka hau bayan motar, a kan buhuna. Shekarunta nawa tana ciyar da masu bin hanyar nan, ita ba ta taɓa wuce gadar bakin gari ba. Ba a jima ba gonaki suka ƙare, daji ya haɗiye su. Itatuwa suka haɗe a sama, rassa suna dukan bodin mota. Daidai wani kwari direba ya rage gudu, ya leƙo ya nuna musu kututturen itacen da aka tare Bakoji da shi, an ja shi gefe.

Hajjo ta ɗaga kai. Nan ne ƙurmin da Nababa ya ce. Rana ta yi sanyi, ta kusa faɗuwa, haskenta bai kai ko na ranar husufi ba. Ta buɗe tafin hannunta a cinya. Tana ganin kowane layi, har da ƙunar da muciya ta yi mata da safe.

"Direba," ta ce, "ba ta gudu fiye da haka?"