Ta Uku Daga Hagu

Lorna tana tsiyaye taliya a ƙatuwar gwagwa lokacin da musun ya sake tashi a bakin ƙofar motar girki. Tururi ya rufe mata tabarau, amma ba sai ta gani ba ta san mai maganar.

"Sata ce da rana tsaka!" in ji Gordy. "Tun daga Iowa alƙalin ganga yake danne mu. Jiya yaran nan sun buga kamar hannu ɗaya, ya tashi ya ɗora 'yan Ohio a kanmu. Shi kunnensa na ado ne?"

"Ji mai maganar kunne," Maxine ta ce daga ciki, tana yanka albasa. "Kai da sai an saka maka batir kake ji. Matsa ka ba mu iska, tsoho."

Gordy Lund ya haura saba'in. Shekara hamsin da suka wuce ya ɗauki babbar ganga a ƙungiyar badujala ta Dutsen Tagulla, kuma har yau bai yarda ya sauke ta ba. Ba ɗa gare shi a cikin yaran ba, ba jika, amma duk bazara yana bin motocinsu a tsohuwar motarsa gari gari, da ɗan littafin da yake rubuta makin kowace gasa. Mu mutanen badujala haka Allah ya yi mu. Mutum zai manta ranar aurensa, amma ba zai manta ɗigo biyun da wani alƙali ya hana shi a shekarar da aka haifi 'yarsa ba.

Ranar Juma'a ce, tsakiyar Agusta, a filin ajiye motoci na bayan babban filin wasa a Indiana. Kwalta har sheƙi take don zafi. Yau za a tace ƙungiyoyi, goma sha biyu su wuce wasan ƙarshe na gobe, sauran kowa ya kama hanyar gida. 'Yan Tagulla su ne na goma sha uku. Tsakaninsu da 'yan Ohio, na goma sha biyu, ko rabin maki babu.

Lorna Hruska ta zuba taliyar a faranti mai faɗi, ta goge tabarau da gefen riga. Kwana hamsin da biyu ke nan tana cikin wannan mota, tana ciyar da yara ɗari da hamsin sau huɗu a yini, tana kwana a daɓen ɗakunan wasannin makarantu kamar kowa. Ta san wanda madara ke ɓata wa ciki, ta san wanda yake ɓoye kewar gida a bayan faranti na uku. Kiɗan wasan kuwa ta haddace shi ta cikin bango. Abin da ba ta taɓa yi ba shi ne ta zauna a sama, a kujerun 'yan kallo, ta ga wasan da idonta, domin a daidai lokacin da yara suke fili ne tukunya take buƙatar mutum. Suna fitowa yunwa ce ke jan su.

Kuma 'yarta Greta tana cikin masu ƙananan ganguna. Sau huɗu yarinyar tana zuwa gwaji ana mayar da ita, sai bana aka ɗauke ta, tana da shekara ashirin da ɗaya, shekarar da daga ita doka ba ta sake barin mutum ya taka fili. Bazara ɗaya tak ta samu.

"Kada ki kalla a waya, Mama," ta ce mata tun watan Yuni. "Ki bari sai kin hau sama ranar ƙarshe." Ta rubuta mata a 'yar takarda inda za ta neme ta: masu ƙananan ganguna tara ne, ita ce ta uku daga hagu. Takardar tana aljihun Lorna har yau, ta yi laushi, maiƙo ya ɓata gefenta.

Al'adar motar girki ta Tagulla ta girmi Lorna da Maxine duka. Ranar Asabar ta ƙarshe ba a kunna wuta. A sayo wa yara fiza, masu girki su yi wanka, su saka rigar ƙungiya, su hau sama su yi kallo kamar mutane. Amma ranar Juma'a ba mai girkin da ke taka matakalar nan. Wanda ya hau Juma'a ya nuna bai yarda akwai Asabar ba.

Da Maxine ta fita ɗebo ƙanƙara, Lorna ta sauko ta tsaya kusa da Gordy a ɗan inuwar motar.

"Gordy, ajiye hayaniyar nan. Tsakaninka da Allah, za su wuce?"

"Yo in alƙalai sun ji tsoron Allah..."

"Ba alƙalai na tambaye ka ba."

Tsohon ya buɗe littafinsa, ya duba, ya rufe. Murya ta yi ƙasa, kai ka ce ba shi ne mai ihun ɗazu ba.

"Na leƙa atisayen 'yan Ohio da safe," ya ce. "Sun gyara ƙarshen wasansu. Ya yi kyau, Lorna. Haushi nake ji, amma ya yi kyau."

Da ma Lorna ta san abin da zai ce. Ta juya ta kalli katangar filin, doguwa, ba ko taga. Kewar abin da ba ta taɓa gani ba ta taso mata. Shekara goma sha ɗaya tana jin Greta tana dukan faifan roba na koyon ganga a ɗakin ƙasa, tana hana gida barci, kuma da sauran awa biyu a yi abin a gama tana nan tana juya miya.

Gordy ya zaro tikiti daga cikin littafin. "Tsakiyar fili, can sama, ƙasa da ɗakin alƙalai kaɗan. Tun watan sanyi na saya."

"Kai fa?"

"Sau talatin da ɗaya na gani bana. Nuna mini ludayi."

Maxine ta dawo da buhun ƙanƙara a kafaɗa, ta ga tikitin, ta tsaya cak.

"Lorna, yau Juma'a."

"Na sani."

"In yaran nan suka ji kin hau, kin san abin da za su ce kin faɗa musu."

"Na sani, Maxine. In sun wuce zuwa gobe, ki zage ni son ranki, zan tsaya in ji."

Maxine ta dire buhun. Ta miƙa hannu ta kwance wa Lorna igiyar rigar girki.

"Bi ta bayan motar kaya kada yaran su gan ki, suna can gindin bishiyoyi suna ɗumama hannu. Kai kuma tsoho, wanke hannunka. In ka ƙona mini miya, makinka sifili."

Matakalar ta fi yadda Lorna ta zata tsawo. Ta isa kujerar tana haki, ta zauna tsakanin wani mai ƙaton ciki da hular 'yan Ohio da wata tsohuwa mai madubin hangen nesa. Mutumin yana ta bayani ba wanda ya tambaye shi.

"Su Tagulla busa gare su, ban musa ba, amma ƙafafunsu datti. Ki duba layukansu in sun juya baya."

"Kai dai ka yi shiru ka ci guggurunka," in ji tsohuwar. "Gangunansu sun fi naku, kowa ya sani."

Sai ga su sun shigo. Lorna ta zuba musu ido. Yaran da ta sani da gajeren wando da ƙunar rana a hanci, masu faɗa a kan ragowar kek, su ne waɗannan cikin baƙi da ruwan tagulla, dogayen huluna masu gashin tsuntsu sun rufe musu fuska har hanci. Daga nan sama ba mace ba namiji, ba dogo ba gajere. Ta lalubo takardar duk da ta san abin da ke ciki. Ga ƙananan ganguna tara a jere. Ɗaya, biyu, uku.

Ga ta nan.

Busar farko ta daki ƙirjinta kamar an turo ƙofa. Ashe abin da take ji ta bayan bango inuwar kiɗan ce kawai. Fili ya buɗe, ya rufe, ya zama ƙaho, ya zama guguwa, tutoci suna tashi sama suna dawowa hannu a tare. Mutane suna ihu, amma Lorna ba ta yarda ta kalli ko ɗaya ba. Ta kafa wa ta uku daga hagu ido, tana bin ta duk inda ta yi, don ta san in ta ƙifta ta ɓace mata cikin taron. Ta ga yadda take ɗan karkata kafaɗa in za ta juya, ta ce a ranta, kafaɗar ubanta ce sak. Da gangunan suka matso gaba suka yi nasu su kaɗai, sanduna goma sha takwas suna tashi suna sauka kamar na mutum ɗaya, hawaye ya ɓalle mata, ta bar shi yana zuba.

"Taki tana ciki?" tsohuwar ta tambaya, tana miƙo mata madubin.

Lorna ta girgiza kai ba ta karɓa ba, don kada ta ɗauke ido. "Ta uku daga hagu."

"Kai, hannunta da tsabta."

Minti goma sha ɗaya ne duka. Da aka gama har mai hular Ohio ya miƙe yana tafi, yana cewa, "To, to, yau kam sun zo da gaske."

Rana ta yi ƙasa lokacin da aka karanta maki. Masu girki suna tsaye a bakin mota, Gordy ya kara waya a kunnensa mai batir. Na goma sha biyu, 'yan Ohio. Na goma sha uku, Dutsen Tagulla, da tazarar da ba ta kai ɗigo biyu cikin goma na maki ɗaya ba. Kowa ya jira tsohon ya fara zagin alƙalai. Ya rubuta lambar a littafinsa, ya koma ciki ya ci gaba da wanke tukunya.

Yaran suka dawo a hankali, sun tuɓe rigunan sama. Waɗanda shekarunsu suka cika sun bar takalmansu a kan ciyawar fili, kamar yadda ake yi, suna takowa a kwalta da safa. Greta tana cikinsu, gashinta ya manne da goshi, idanunta jajir. Ta zo gaban tebur ba ta ɗauki faranti ba.

"Maxine ta ce kin hau."

Lorna ta riƙe ludayi da hannu biyu. "Na hau. Ki yafe mini, Greta, ba wai ban yarda da ku ba ne..."

"Haba Mama. Ai da ba ki hau ba da ban yafe miki ba." Ta zagayo teburin ta rungume ta, tana warin gumi da man kare rana. "Kin gan ni?"

"Tun daga busar farko har ta ƙarshe. Ko tuta ɗaya ban kalla ba. Ta uku daga hagu, ban ɗauke ido a kanki ba."

Ta ji jikin yarinyar ya tsaya. Greta ta ja baya kaɗan tana dubanta.

"Mama, tun Texas aka mayar da ni dama."

"Wace dama?"

"Da alƙalai suka yi ta ƙorafi aka sake tsarin, ai in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ni ce ta biyu daga dama. Wata guda ke nan. Na gaya miki."

"Yaushe?"

"Da safe, a layin abinci. Kina soya ƙwai. Kika ce mini to."

Lorna ta tuna ƙwan, ba ta tuna maganar ba. A can gefe ana saka ganguna cikin akwatunansu ana turawa motar kaya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai sake fito da su bana. Ta bi su da kallo, ba ta ma san wacce ce ta Greta ba.

"Wa ke ta uku daga hagu?"

"Noemi." Greta ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta share hanci da bayan hannu.

Lorna ta kama fuskarta da tafukan hannu masu warin albasa. "To gaya mini. Yaya kika yi?"

"Ban taɓa bugawa kamar yau ba, Mama."

Lorna ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa. Layi ya yi tsawo a bayansu, yara suna riƙe da faranti ba mai cewa a yi sauri. Ta koma bayan tebur ta ɗauki ludayi. Ta farko a layin 'yar siririya ce daga Arizona, mai ɗan karkata kafaɗa, wadda duk bazarar nan ba wanda ya zo kallonta daga gida.

"Kaɗan za ki sa mini, Mama Lorna," in ji Noemi. "Ba na jin yunwa."

Lorna ta cika mata farantin har baki.

"Kin yi kyau yau," ta ce. "Ke kam na gani."