Na Duba da Idona

A ofishin kula da gyare-gyaren dogon benen nan mai hawa bakwai, ba mai kiranta da sunanta. Na-Duba suke ce mata, daga manaja har mai shara. Dalili kuwa, shekara tara tana riƙe da jerin ƙorafin 'yan haya, kuma ba ta taɓa rufe aiki ba sai ta taka da ƙafarta ta gani. In famfo ne sai ta murɗa shi, in ƙofa ce sai ta buɗe ta rufe, sannan ta dawo ta rubuta a ƙasan aikin: "An gyara. Na duba da idona." Masu gyara su yi ta tsaki wai matar nan ta cika naci, ita ko a jikinta.

Shugaban masu gyaran yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya samo mata aikin, kuma shi ya laƙa mata sunan.

Bara kamfani ya kawo musu Wakili, manhajar nan mai basira da ake rubuta wa umarni ta aiwatar. Kwanan baya aka ƙara masa wata dabara, wai yanzu yana iya rufe ayyuka ɗari a bugu ɗaya. Ranar da aka nuna musu, Na-Duba ta taɓe baki ta ce, "Shi Wakilin yana da ƙafar hawa bene ne?" Kowa ya yi dariya, ta Yaya ta fi ta kowa ƙarfi.

Da 'yarta ta haihu sai ta ɗauki hutun kwana uku, ta bar wa Yaya lambar sirrinta ko wani abin gaggawa zai taso. To wa za ta bar wa in ba shi ba?

Ranar Litinin da safe, tun kafin ta ajiye jaka mai shara ta tare ta da labari. Wani tsohon malami da ke haya a hawa na huɗu ya faɗo ranar Asabar. Ya dafa ƙarfen matakala, ƙarfen ya biyo hannunsa, yanzu yana asibiti da karayar ƙugu.

Ita ta rubuta ƙorafin ƙarfen nan da hannunta, har ta sa masa jan layi. Ta kunna kwamfuta, ta ga jerin fayau. Ayyuka sittin da uku, duk an rufe su ranar Alhamis, ƙarfe uku da minti goma sha biyu, a minti guda, jajibirin zuwan masu bincike daga babban ofis. Kuma a ƙasan kowanne, har da na ƙarfen, ga sunanta, ga maganarta: "An gyara. Na duba da idona."

Ta buɗe wurin da Wakili ke ajiye umarnin da aka ba shi. Layi biyu ne kacal: "Rufe duk ayyukan da suka rage. Sa bayani irin na ƙanwata, manaja ba ya bin bayan maganarta."

Sau uku ta karanta. Kai! Da ɓarawo ne ya sace lambar, wallahi da abin bai yi mata ciwo haka ba.

Ta same shi a ɗakin kayan aiki yana ware ƙusoshi a gwangwani, bai ko ɗago ba.

"Yaya, me na yi maka?"

"Haba, ƙanwata, rage murya." Ya sosa ƙeya. "Niyyata in bi su ɗaya bayan ɗaya in masu binciken sun tafi. Ƙaddara ce ta riga ni."

"Da bakina ka yi ƙarya, Yaya. Shekara tara ina hawa benen nan da ciwon gwiwa don kada maganata ta faɗi ƙasa."

"Ki ce na'ura ce ta rikice. Ke ba za su kore ki ba, ni kuwa 'ya'ya biyar gare ni."

Ta tsaya tana kallonsa. Wannan ne ya goya ta zuwa makaranta ranar da ƙusa ta soke ta. Zuciyarta ta karye, ta juya ta fita. A ranta ta riga ta yanke, za ta ɗora wa na'urar, in ya so ta sha faɗan manaja.

Ƙarfe goma manaja ya kira su biyun, fuska a murtuke. Iyalan tsohon sun ɗauki lauya, dole a san wanda zai amsa. Ya fara da Yaya: "Kai, me ya hana a gyara ƙarfen nan?"

Yaya ya gyara tsayuwa, ya sassauta murya kamar mai jin tausayi.

"Ranka ya daɗe, ni dai na ga an rufe aikin, an ce an duba. Ka san maganar Na-Duba ba a ja da ita. Wataƙila hankalinta ne ya tafi wajen haihuwar nan, a yi mata uzuri."

Ko na'urar bai ambata ba. Ashe tun a ɗakin ƙusoshi ya gane manaja ba zai yarda da wannan ba, ya nemi wata mafita, ita ce mafitar.

Manaja ya juyo gare ta. "Ke kika rubuta wannan? Kin duba?"

Na-Duba ta jawo kwamfutar manaja, ta shigar da lambarta, ta buɗe layukan nan biyu. Ba manaja ta juya wa allon ba, Yaya ta juya wa.

"Ƙanwata..." in ji shi, murya can ƙasa.

"Haka ka rubuta a ciki ma," ta ce, hawaye na zubo mata. "Karanta masa, Yaya. Da ƙarfi, yadda ka yi dariya ranar nan."