Gurbin Babban Aji a Lakwal ɗin Maraɗi

Sha'ibu ya ajiye alli, ya kakkaɓe hannuwansa, ya sallami yara hutu. Sufeton makarantu, wani Nasara mai jan wuya da aka aiko daga Yamai, ya gyaɗa kai daga bayan aji. Kusa da shi Mushe Abdulmutallib ke zaune (Mushe ake kiran malamin boko, daga Faransanci), tsohon malaminsu na kwalejin horon malamai, wanda yanzu shi ne daraktan wannan lakwal, wato makarantar boko ta Maraɗi. Shi kuwa hankalinsa na bakin ƙofa, yana duban hanyar Tibiri.

Gurbi ɗaya ne ake nema wa malami: babban aji, da gida kusa da lakwal, da damar zuwa Dakar ƙarin karatu. Mutum biyu aka kira gwaji. Sha'ibu ya zo daga Jiratawa, inda yake koyarwa a rumfar zana, matarsa Ramatu kuma ta riga ta fara tambayar ko gidan yana da rijiya. Na biyun shi ne Maliki, malamin Tibiri, abokin ɗakinsa tun kwaleji, kuma har yanzu bai iso ba.

A kwaleji Sha'ibu ke zuwa na ɗaya a kowace jarrabawa, Maliki na can tsakiya. Amma Maliki ne Mushe ke kira gidansa da la'asar. Shi yake nuna wa yadda ake tsayuwa gaban aji, da yadda ake gane yaron da ya ce ya fahimta alhali bai fahimta ba. Maliki kan dawo ɗaki yana ƙanshin miyar matar Mushe, ya zayyana wa Sha'ibu duk abin da ya koyo, bai taɓa ɓoye masa komai ba. Wannan ma ya fi yi wa Sha'ibu ciwo. Mushe kan ce da Maliki "ɗana", Sha'ibu kuwa sai dai a yaba masa da Faransanci a wuce.

Sufeto ya miƙe ya nufi ofis, ya yafito darakta. Mushe ya ɗan tsaya, ya riƙe hannun rigar Sha'ibu, ya rage murya.

"In ɗan'uwanka ya iso, ka ce mishi kada kalmar Hausa ko ɗaya ta fita bakinshi a aji. Mutumin nan ba ya yafe wannan. Ni ba zai sake ni in gan shi ba."

Sha'ibu ya ce to. Ya daɗe yana jin wurin da hannun ya taɓa. Tun da suka san juna Mushe bai taɓa riƙe shi haka ba, yau ma saƙon wani ne ya sa.

Sha'ibu na tsaye ƙarƙashin bishiyar bedi Maliki ya shigo yana tura keke, wandonsa jiƙe har gwiwa, ga sandar rake ɗaure a baya. Ya ce gulbi ne ya kawo ruwa, sai da ya ɗauki keken a ka ya haye. Ya tambayi Ramatu, ya tambayi yadda gwajin Sha'ibu ya kasance, sa'an nan ya ce, "Mutumina, yaya Nasaran yake? Akwai abin da zan kiyaye?"

Maganar ta zo wa Sha'ibu har baki. Sai ya dubi raken. Ya san dabarar Mushe ce, irin wadda ake koyarwa a tsakar gida da la'asar.

Ya ce, "Babu komai. Ka yi yadda ka saba."

Ta taga ya kalli darasin. Maliki ya karya raken gida biyu, ya sake karyawa gida huɗu, yana koyar da rabi da rubu'i. Yaran da ɗazu suka zauna wa Sha'ibu tsit, yanzu har rige-rigen ɗaga hannu suke yi. Sha'ibu shi kansa ya san wannan darasi ya fi nasa. Can sai layin baya suka rikice. Maliki ya matsa kusa da su, ya durƙusa, ya maimaita bayanin da Hausa a hankali, fuskokinsu suka washe. Sufeto ya rufe alƙalaminsa. Mushe ya juyo da kai sannu a hankali, idonsa ya faɗa kan taga.

Kafin azahar aka sanar da hukunci. Sufeto ya ce malamin da ke komawa yaren gida bai dace da babban aji ba, ya miƙa wa Sha'ibu hannu, ya shiga motarsa zuwa gidan kumandan, Nasaran da ke mulkin garin. Maliki ya rungume abokinsa da zuciya ɗaya, ya ce dama shi ya cancanta tun kwaleji, ya ce a gaida masa Ramatu.

Sha'ibu ya tsaya yana jiran Mushe ya tambaye shi, ko ya zage shi gaban kowa. Da ya yi haka da ya fi masa sauƙi. Tsohon ya zo, ya ba shi hannu kamar yadda ake ba baƙo.

"Barka, Mushe Sha'ibu. Ran Litinin ka kama aiki. Ajinka na kusa da ofishina."

Ya juya ya karɓi keken daga hannun Maliki, ya ce su tafi gida ya shanya wandonsa ya ci abinci kafin ruwan gulbi ya janye. Suka fita ta ƙofar lakwal, tsohon na tura keke, yana gaya masa cewa ya yi saurin karya raken, da ya bari yara sun fara cankar inda rabi yake.

Sha'ibu ya bi su da kunne har muryar ta ɓace cikin hayaniyar masu jakunan gyaɗa. Yana so ya ji ƙarshen bayanin.